Tsirkiya da Asali: Me Mutum Zai Canza Bai Ɓata Ba?

Kafin mai gurmi ko mai garaya ya fara kiɗa, sai ya ɗauki lokaci yana taɓa tsirkiya, yana karkata kunne, yana matsa igiyar fatar da ta ɗaure ta a jikin sanda, sama kaɗan, ƙasa kaɗan. 'Yan kallo sukan ƙosa, amma a cikin wannan ɗan aiki akwai tambayar da ta shafi duk wanda ya girma nesa da ƙasar kakanninsa: me mutum zai canza, kuma a ce har yanzu shi ne?

Tambayar tana da nauyi a Gadarif, garin dawa da riɗi a gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Hausawan can jikokin alhazai ne da suka taka zuwa Makka da ƙafa suka yada zango, da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Waɗansu 'yan ƙasa har gobe suna yi musu kallon baƙi, kamar yadda rikicin jihar Bulu Nayil na Yulin 2022 ya tono, har Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala. In kuma sun ziyarci Kano, sai a ce Hausarsu ta sha Larabci. Ana ja ta nan, ana ja ta can.

Mu dubi abin kiɗan. A da, da izgar doki ko jijiya ake yin tsirkiya. Yau yawancin makaɗa igiyar roba ta kamun kifi suke ɗaurawa, don ta fi arha, ta fi jure yatsa. Mai kaurin tana ba da babbar murya, siririyar tana ba da ƙarama. Ba wanda ya ce gurmi ya tashi daga gurmi saboda haka. Marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya tal ya zaga duniya. Abin da kunne ke ganewa shi ne tazarar da ke tsakanin sauti da sauti. In tazarar nan ta tsaya, kiɗan na gida ne, ko da me aka yi igiyar.

Sudan kanta ta shaida haka. Garayar Larabawa, wato ud, mai tsirkiyoyi bibbiyu a jere, ta shigo ƙasar daga arewa, amma makaɗan Sudan suka sa ta faɗar sautuka biyar ɗin da kiɗansu ya ginu a kai, irin waɗanda kunnen Bahaushe ya saba da su. A'isha Falatiya, wadda asalinta Bahaushiya ce, ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Umdurman, ƙanwarta Jidawiya tana kaɗa mata ud. Kayan aro ne, murya tasu ce.

Wani zai ce: ai da kaɗan-kaɗan ake rasa komai; yau tsirkiya, gobe ƙwarya, jibi harshe. Wannan tsoro yana da hujja. Sai dai wanda ya rantse ba zai taɓa igiyar fatar ba, shi ne zai fara ɓata kiɗan. Da damina ta sauka a Gadarif, danshi kan saki fatar gurmi, jakin da tsirkiya ke hawa ya nutse, sauti ya faɗi. Da rani fata ta ɗaure, sauti ya hau. Makaɗin da ke son sautin jiya, dole ya yi gyara yau.

Haka uba a Gadarif da ɗansa ke karatu da Larabci, yana sa jallabiya, yana cin kisra. Waɗannan igiya ce, ana iya sauya ta. Abin lura shi ne ko yaron ya san yadda ake gaida babba, ko yana jin kunyar ƙarya, ko zai iya zama da kakarsa su yi hira da harshen da take mafarki da shi. Nan ne tazarar take, kuma ba a ɗaure ta sau ɗaya a huta. Kullum sai an sake sa kunne.