Wa Ya Haƙa Kwarin, Allah Ko Ruwa?

'Yar uwa, idan 'yarki ta dawo daga sakandare ta ce an koya musu cewa ruwa ne ya haƙa kwarin Grand Canyon na Amurka cikin shekara miliyan 5 zuwa 6, kada ki yi saurin cewa kafirci ne. In kin zage ta yau, gobe tambayarta ba za ta iso gida ba.

Zurfin kwarin ya kai mita 1,800, kogin Kolorado na gudu a gindinsa. Wasu Kiristocin Amurka sun ce ruwan ɗufana na zamanin Annabi Nuhu (AS) ne ya tsaga shi lokaci guda, don a wurinsu duniya shekararta kamar 6,000 ce. Wannan lissafinsu ne. Alƙur'ani bai faɗi shekarun duniya ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin yadda ruwa ke sassaƙa duwatsu da kwaruruwa a Kitabus Shifa.

Ai mu a Toranke mun san aikin ruwa: kwazazzabon bakin gona kowace damina sai ya ƙara faɗi. Ruwa sababi ne, kamar ungozoma, tana karɓar haihuwa amma ba ita ta halicci jariri ba.

Inda za ki ja daga shi ne in aka ce komai ya yi kansa, babu Mahalicci. Dutse bai faɗi haka ba, mutum ne ya ƙara. Ki sa ta ɗauko littafin ku duba tare, ko marubucin ya faɗi hakan, ko kuwa shekarun duwatsu kawai ya auna.