Lambar Yabo a Bayan Ƙofar Kurkuku

A shekarar 1998, hukumar UNESCO ta bai wa 'yar jaridar Nijeriya Chris Anyanwu lambarta ta 'yancin aikin jarida, wadda ake miƙawa ranar 3 ga watan Mayu. Ba ta halarci bikin ba, domin tana kurkuku. Tun 1995 kotun soja ta yanke mata ɗaurin rai da rai saboda labarin da mujallarta TSM ta buga a kan zargin yunƙurin juyin mulki, daga baya aka mayar da hukuncin shekara 15. Ta fito a watan Yunin 1998, bayan rasuwar Janar Sani Abacha. Ajali ne ya buɗe mata ƙofa. Lambar ta riga ta zo, ta tarar da ƙofar a garƙame, ta bar ta a garƙame.

To, wane amfani yabo ke yi wa wanda ke ɗaure? Masu shakka suna cewa bikin karramawa wanka ne da al'umma ke yi wa kanta: ta kasa kare ɗan jarida yana raye ko yana walwala, sai ta saye kwanciyar hankalinta da tafi da takardar shaida. Ban ɗauki wannan zargi da wasa ba, domin tarihi ya ba shi hujja. Carl von Ossietzky, wanda mujallarsa ta tona yadda Jamus ke sake gina rundunar sojan sama a ɓoye, ya sami Nobel ta zaman lafiya ta 1935 yana hannun 'yan Nazi. Hitila ya fusata har ya haramta wa Jamusawa karɓar Nobel, shi kuwa Ossietzky tarin fuka ya kashe shi a 1938, ana gadinsa a asibiti. Dawit Isaak an kama shi a Eritiriya a watan Satumban 2001, ba a gurfanar da shi gaban kotu ba. An ba shi lambar UNESCO a 2017, bai fito ya karɓa ba. Ita kanta lambar sunan mamaci take ɗauke da shi, Guillermo Cano, editan jaridar El Espectador da 'yan bindiga suka harbe a Bogota a watan Disamban 1986.

Duk da haka ban yarda cewa yabon banza ba ne. Azzalumi idan ya kulle marubuci, ba jikinsa kaɗai yake son ɓoyewa ba, so yake sunan ya shuɗe, a manta da abin da ya rubuta, a riƙa kiransa maci amanar ƙasa har 'yan'uwansa su ji kunyar ambatonsa. Lambar yabo tana ɓata wannan shiri. Shaida ce da ake bayarwa a bainar jama'a cewa mutumin nan aikinsa ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Fushin Hitila ma ya nuna cewa shaidar ta yi masa ciwo. Ba a kafa doka don hana abin da ba shi da tasiri.

Damuwata tana wani wuri dabam. Ina tsoron mu saba da auna gwanintar ɗan jarida da yawan wahalar da ya sha, har tabo ya zama shi ne sharaɗin karramawa. Idan haka ta tabbata, mun amince ke nan, ba tare da mun furta ba, cewa jini da ɗauri kuɗin shiga ne na wannan sana'a. Kuma muna koya wa 'yan baya, ire-irena da suka fito daga jami'a ba da jimawa ba, cewa jarumta ita ce komai, alhali jarumta marar bincike tana iya yaɗa ƙarya da ƙarfin zuciya.

A duba Wa Lone da Kyaw Soe Oo, ma'aikatan kamfanin dillancin labarai na Reuters a Miyanma. An kama su a watan Disamban 2017, aka yanke musu shekara bakwai, suka yi kwana fiye da 500 a tsare kafin a sake su a watan Mayun 2019. Duniya ta fi tuna wannan ɗauri. Amma abin da ya cancanci yabo ya faru kafin a sa musu ankwa. Sun bi diddigin kisan 'yan Rohingya goma a ƙauyen Inn Din, ba su tsaya ga bakin waɗanda aka zalunta kawai ba, sai da suka sami bayani daga ƙauyawa mabiya addinin Buda da jami'an tsaro, suka haɗa da hotunan mutanen goma a durƙushe, an ɗaure musu hannuwa. Wannan haƙuri na tara hujja shi ya sa labarin ya gagari musu. Da ba a taɓa kama su ba, da aikin bai ragu da komai ba, sai dai ina shakkar ko da sunayensu sun kai inda suka kai.

Wannan ne ya sa nake tuna wakilin ƙaramin gidan rediyo, wanda albashinsa kan yi watanni bai zo ba, aka miƙo masa ambulan bayan taron manema labarai ya mayar. Ba a kama shi ba, ba a doke shi ba, saboda haka ba shi da labarin da kwamitin alƙalai zai karanta ya girgiza. Gobe zai sake zuwa harabar kotu ko asibitin gwamnati, ya tambayi abin da ba a son a tambaya, ya jira a ji ta bakin ɗaya ɓangaren kafin ya aika da rahoto. 'Yancin jarida a hannun irinsa yake rayuwa kullum, kuma sau da yawa sai an kashe shi ake sanin cikakken sunansa.