Kabewar da Ta Tsallaka Danga

Idan ruwa ya fara ja da baya a watan Satumba, raɓa ta yawaita da safe, duk gidan da ke da ɗan fili a bayansa yakan wayi gari da abin da ya fi ƙarfin tukunyarsa. Kuɓewa ba ta jira, in aka yi kwana uku ba a tsinke ta ba sai ta ƙosa, wuƙa ma ta ƙi shigarta. Yakuwa da rama sun cika gefen danga, barkono ya yi ja, gauta ya rinjayi uwarsa, kabewa ta hau rufin akurki ta kwanta. Tambayar da nake son aunawa a nan ƙarama ce a ido, amma tana taɓa tushen zaman tare. Wannan rarar da ta wuce buƙatar gida, ta wa ce? Mai shuka yana da ikon yin yadda ya ga dama da ita, ko kuwa akwai masu rabo a cikinta alhali ba su taɓa riƙe fartanya a wurin ba?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce, ta mai shuka ce, kuma ba amsar rainawa ba ce. Wanda bai taɓa rainon fili ba, bai san yawan duƙawar da ke cikin kwano ɗaya na kuɓewa ba. Tun bazara ake share wurin, a kwaso takin awaki daga turke a zuba, a gyara danga saboda kaji da tumakin unguwa. Idan shuka ta fito sai noman firi, sai maimai, sai fama da tsutsa da fara. A gidaje da yawa mata da yara ne ke wannan aiki, suna yinsa tsakanin daka da girki da makaranta. Masanin falsafar nan na Ingila, John Locke, a kan irin wannan wahala ya gina hujjarsa ta mallaka tun a 1689. A wurinsa ƙasa ta kowa ce, amma wanda ya zuba guminsa a wani yanki nata ya mai da shi nasa. Bahaushe ma ya daɗe da sanin haka, shi ya sa a tsarin gandu ake ware wa ɗa ko mata gayauna, abin da ya fito a cikinta na mai ita ne, ko maigida ba ya sa hannu sai da izini.

Sai dai idan aka zauna yin lissafi na gaskiya, za a tarar gumin mai shuka ba shi kaɗai ya haifar da amfanin ba. Irin kuɓewar wata maƙwabciya ce ta bayar da shi bara, ita ma a wurin uwarta ta gada. Takin na awakin da suka yi kiwo a makiyayar gari ne. Zuma da sauran ƙwari da suka yi yawo tsakanin furannin kabewa har ta ɗauki 'ya'ya ba su san iyakar gidan kowa ba. Ruwan sama kuwa, wanda in ya yi jinkirin mako uku a tsakiyar damina duk wannan duƙawa ta tashi a banza, babu wanda ya biya kuɗinsa. Manomi ya fi kowa sanin wannan, domin ya sha ganin shekarar da ya yi aiki sosai ya tashi da kaɗan, da shekarar da ya yi sakaci ƙasa ta rufa masa asiri.

A gidan da na tashi, a wani gari da ke kudu da Katsina, kusan kowace shekara kabewarmu takan bi danga ta sauka gidan maƙwabta ta yi 'ya'ya a can. Saiwarta a gidanmu take, mu muka shuka, mu muka yi mata noma. Wata shekara yayana ya tambayi mahaifiyarmu ko ya zagaya ya ɗauko wadda ta nuna, sai ta ce masa, “Bar musu, ita ta zaɓi inda za ta haihu.” Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da kan biyo baya. Ranar da maƙwabtan suka yanka kabewar, sai ga 'yarsu da rabi a faifai, tana cewa, “In ji Iya, ga kabewarku ta nuna.” Mu muna kiranta tasu, su suna kiranta tamu. Babu alƙalin da ya zauna a kan maganar, amma kowane gida ya amince cewa ɗayan yana da haƙƙi, kuma babu wanda ya ɗauki nasa haƙƙin a matsayin wanda ya shafe na ɗan'uwansa. A ganina amsar tambayar tana cikin wannan ɗabi'a. Mallaka gaskiya ce, amma ba ta cika kewaye abin da ƙasa ta fitar har ta hana kowa shiga ba.

Mai karatu zai iya cewa ai addini ya riga ya yanke wannan magana da zakka. Gaskiya ne, amma a kan babbar gona ya yanke ta. Hatsin da ya kai nisabi, wato wusuƙi 5 ko sa'i 300, ana fitar da kashi 1 cikin 10 idan ruwan sama ya shayar da shi, da kashi 1 cikin 20 idan da wahalar ban-ruwa aka same shi. Shi ya sa manomi kan ware dami ɗaya a cikin kowane goma tun a bakin gona. Amma a mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya sani, babu zakka a kan ganyaye da kayan marmari, ko da yake Imam Abu Hanifa yana ganin ushiri ya hau kansu. Ke nan kuɓewar bayan gida da yakuwarta suna wani wuri da hukuncin dole bai kai ba. Wanda ya hana, ba za a kira shi mai cin zakka ba, wanda ya bayar kuma ba tilasta masa aka yi ba. A irin wannan wuri ake gane halin mutum, domin babu abin da ke motsa hannunsa sai abin da ke zuciyarsa.

Ƙissar masu lambu da ke cikin Suratul Ƙalam tana da wani darasi a nan. Ba a ce lambun ba nasu ba ne. Abin da suka ƙulla shi ne su yi sammako su girbe, suna magana ƙasa-ƙasa don kada wani miskini ya shigo musu, sai suka iske lambun ya halaka. Sammakon da raɗar su ne suka tona asirinsu, domin wanda ya tabbata babu mai haƙƙi a kansa ba ya buƙatar ɓoye ranar girbinsa.

A cikin iyali, yara ne ke ɗaukar wannan darasi da ƙafafunsu. Idan aka tsinko da safe, uwa kan kasa abin a ƙwarya-ƙwarya: wannan na ɗakin abokiyar zamanta, wannan na Gwaggo da ke ƙofar gabas, wannan na tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi ci-rani. Sai a aiki yaro, a kuma koya masa abin da zai faɗa: “In ji Inna, a sa a miya, ta ce ba yawa.” Akan ce ba yawa ko da kwanon ya cika, don kada mai karɓa ya ji nauyi. Yaron da ya yi wannan aike sau goma a kaka ɗaya ya san gidajen unguwarsu ta ciki, ya san inda aka hura wuta da inda murhu ya yi sanyi, ya kuma ji “Allah ya yi albarka” daga bakin mutanen da ba su haife shi ba. Ba na jin akwai wa'azin da zai dasa masa wannan sani kamar yadda kwanon ya dasa.

Fita gona da daji a wannan lokaci tana faɗaɗa karatun. Ranar da iyali suka kwashi yara zuwa gona, aka hura wuta aka gasa tumu da masara, aka tuge gyaɗa ana ci ɗanya, yaro yana ganin dokokin da ba a rubuta ba suna aiki a gabansa. Mai wucewa da ya yi sallama ana miƙa masa zangarniya. Idan an gama kwashe gyaɗa, mata da yara da almajirai kan shiga kala, mai gona yana gani ba ya korarsu, abin da suka tono nasu ne. Bayan an kai dawa gida, shanun Fulani kan shiga su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. A hanyar komawa kuma ga ɗinya a ƙarshen damina, ga magarya da aduwa da kanya idan hunturu ya kama. Itacen da ke daji na kowa ne. Wanda ke cikin gonar wani, kamar tsamiya ko kuka ko ɗorawa, yana da mai shi, kuma mu an hore mu da cewa wanda ya faɗo ƙasa a tsinta, amma ba a hawa a kakkaɓe. A yini ɗaya yaro ya ga abin da yake nasu, da na wani, da na kowa, ya kuma ga cewa kowanne yana da ƙofar da aka bar wa mabuƙaci.

Akwai sukar da ya kamata a saurara da kyau. Mai sukar zai ce wannan kyauta ba ta kai yabo ba, domin abin da zai ruɓe ne ake rabawa. Locke kansa ya ce iyakar mallaka ita ce kada mutum ya tara abin da zai lalace a hannunsa, sannan ya nuna cewa kuɗi, da yake ba ya ruɓewa, ya ɗage wannan iyaka. Matan Hausawa ma sun san hanyar: a yanka kuɓewa a shanya, a busar da tumatir da barkono da zogale, a adana har bazara lokacin da kayan miya ke tsada, ko a ɗora wa yarinya talla a sami na sabulu da littafi. A wannan zamani da kwanon hatsi ya gagari mutane da yawa, da wane ido za a dubi uwa a ce ta raba abin da zai rufa wa 'ya'yanta asiri? Ga kuma maƙwabcin da yake da fili irin naka, ya kwana ya tashi damina ta wuce bai tona rami ɗaya ba.

Sukar tana da gaskiya a wuri ɗaya: iyali ne farkon masu haƙƙi, kuma tanadi ba rowa ba ne. Uwar da ta shanya kuɓewarta don bazara ta yi daidai. Amma sukar ta ɗauka cewa abin da aka bayar ya fita daga lissafin gida, alhali ajiya iri biyu ce. Akwai wadda ake yi a tulu da buhu, akwai wadda ake yi a wurin mutane, kuma ta biyun ita ke amsawa ranar da ta farkon ta ƙare. Michael Watts, wanda ya yi bincike a ƙasar Katsina, ya nuna a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewacin Nijeriya cewa kyauta da rance da taimakon juna suna cikin abubuwan da ke tare talaka daga faɗawa rami a shekarar fari, kuma raunin da suka yi a zamanin mulkin mallaka, da harajin kuɗi da noman sayarwa, ya sa fari ya fi saurin zama yunwa. Waɗanda suka ga farin 1973 ba sa buƙatar littafi ya gaya musu darajar maƙwabci. Shi kuwa malalacin maƙwabci, kwanon da aka aika gidansa matarsa da 'ya'yansa ne za su sha miyar, kuma ba su ne suka ƙi yin noma ba.

Duk da haka ba na son in tsayar da hujjata a kan riba kaɗai, domin tsohuwar da ake aika wa yakuwa ba za ta taɓa ramawa ba, kuma ita ta fi cancanta. Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne gaskiyar lissafin da na ambata: wanda ya karɓi ruwa da iri da ƙasa kyauta, in ya ce duk abin da ya fito guminsa ne kawai, ya faɗi abin da ba haka yake ba. Bayarwa daga amfanin gona amincewa ce da wannan bashi.

Abin damuwa shi ne makarantar da ake koyon wannan tana rufewa. A birane an shafe tsakar gida da siminti, katanga ta yi tsawon da kabewa ba za ta iya tsallakawa ba. Karan dawa da harawa sun zama haja, abin da ke haɗa manomi da makiyayi a da ya koma abin faɗa. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa, 'yan bindiga sun kai ga sa wa ƙauyuka haraji kafin su bari a yi girbi, uba ba ya iya ɗaukar 'ya'yansa zuwa gona balle tsintar magarya. Yaron da ya tashi a haka zai san abinci a matsayin abin da ake saya ko ake ƙwacewa, ba zai san shi a matsayin abin da ake aikawa gidan Gwaggo ba.

Saboda haka matsayina shi ne, rarar bayan gida ta mai shuka ce ta fuskar iko, babu mai ƙwace masa, amma akwai rabon wasu a cikinta wanda shi kaɗai zai iya fitarwa, tunda babu hukumar da za ta bi shi. Gidan da ke da ko da buhu biyar na ƙasa a jikin katanga zai iya shuka kuɓewa da alayyafo, ya ci, ya shanya na bazara, ya kuma ware ƙwarya ɗaya tun kafin a ɗora tukunya. Ya kamata kuma a bar yaro ya kai da kansa, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida mutanen gidan, ya faɗi saƙon yadda aka koya masa.