INA RUWAN MUTUMIN WUDIL DA BAM ƊIN NUKILIYA?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar Wudil da sanyin safiya a lokacin hunturu, ya san yadda hazo kan lulluɓe kogi har masunci ya ɓace wa gani. Wannan ƙura ba tamu ba ce, daga Sahara iska ta kwaso ta, ba ta nemi izinin kowa ba, ba ta kuma tsaya a kan iyaka ta nuna takarda ba. Da ita nake son mu auna wata tambaya: shin halal ne wani ya mallaki makamin da sharrinsa zai faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba?

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, wannan ai rigimar manyan ƙasashe ce. To, mu waiwayi tarihi. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, ana cikin hunturu, Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, ƙarfinsa kuwa ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Takardun sirrin da ta saki a 2013 sun nuna cewa ƙurarsa mai guba ta bazu a Afirka ta Yamma. Ba a shawarci manomi ba, ba a tambayi makiyayin da ke kora shanu zuwa kasuwar Juma'a ba. Da Faransa ta yi gwaji na uku a Disambar 1960, sai gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta a Janairun 1961, ta kuma hana jiragenta na sama da na ruwa shigowa. A lokacin 'yancin Nijeriya bai wuce wata uku da 'yan kwanaki ba.

Bugu da ƙari, ma'adinin yuraniyom, wanda da shi ake samar da lantarki, da shi kuma ake haɗa bam, an fara haƙo shi a Arlit ta Jamhuriyar Nijar tun 1971. Zargin cewa Iraƙi ta nemi sayensa daga Nijar yana cikin hujjojin da Amurka ta kafa ta afka wa Iraƙi a 2003, takardun zargin kuwa na jabu ne. Ashe ruwanmu ya daɗe a ciki.

Masu kare wannan makami suna da hujjar da bai kamata a raina ba. Sukan ce tun 1945 ba a sake jefa shi a yaƙi ba, kuma tsoronsa ne ya hana Amurka da Tarayyar Sobiyat gwabzawa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma sai mu tambaya, mutum biyu da kowa ya ɗora wuƙa a maƙogwaron ɗan'uwansa, zaman lafiya suke yi? Dambarwar Kyuba ta 1962 ta nuna cewa kuskuren mutum guda ya isa. Kuma tsoron ba ya aiki sai mai makamin ya ƙudurta a ransa cewa in ta kama zai ƙone birni da jarirai da tsofaffinsa. Wanda ya kwana da wannan niyya, ko bai aikata ba, zuciyarsa ta riga ta ɗauki wani kaso na laifin. Mashi yana da wanda aka nufa da shi. Wannan kuwa Bahaushe ya gama magana da ya kira shi makamin ƙare dangi.

Sannan ina adalci a ce ƙasashe tara su riƙe, saura su kame? Wasu kan ce maganin haka shi ne mu ma mu ƙera namu. A ganina wannan ƙara wa wuta makamashi ne. Afirka ta Kudu ta ƙera guda shida, ta wargaza su da hannunta. Ƙasashen Afirka sun sa hannu a Yarjejeniyar Pelindaba a 1996, suka haramta shi a nahiyar. A Zariya ma, na'urar binciken nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello ta rabu da makamashinta mai ƙarfin haɗa makami, aka mayar da shi Sin a 2018, bincike kuma bai tsaya ba. Ilimin ba shi ne abin zargi ba, abin da aka nufa da shi ne.

'Yan'uwa marubuta, ba mu da kujera a inda ake yanke waɗannan shawarwari. Amma Ɓalewa ma ba shi da bam ranar da ya ce bai yarda ba. Mafi ƙarancin abin da ke kanmu shi ne mu faɗa wa jama'armu wannan labari da harshensu, don su san cewa suna da ta cewa, tunda iskar da ta biyo ta Reggane har yanzu ita ke kaɗawa a Wudil.