Wanda ya ɓace ba mamaci ba ne

A farkon watan Agustan 2019 wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, daga gidansa da ke Barnawa a Kaduna. Tun daga lokacin kowa a intanet ya zama mai bincike: wannan ya rantse an kashe shi, wancan ya ambaci sunan wanda ya sa aka ɗauke shi, duk ba tare da hujja ba. Fikihun Malikiyya kuwa bai yarda da wannan gaggawar ba. Matar wanda ya ɓace sai ta kai ƙara gaban alƙali, a yi cigiya, ta jira shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Dukiyarsa ma ba a rabawa sai ya kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba. Alƙali mai ikon kiran shaidu ya jira shekaru, ina dalilin mai waya da zai yanke hukunci cikin dare ɗaya? Suratul Hujurat ta gargaɗe mu cewa wani zaton zunubi ne.

Za a ce in aka yi shiru, hukuma ta samu yadda take so, maganar ta bi ruwa. Wannan gaskiya ne, domin surutun jama'a ne ya hana a manta da Dadiyata. Amma mai tambayar yana ina, hukuma yake matsa wa ta fito da amsa. Mai cewa ya san abin da ya faru kuwa, ya ɗora wa wani laifin jini ba shaida, ya kuma sa iyalin mutum karanta labarin mutuwarsa alhali ba su ga gawa ba.