Doka ta yarda, amma ka isa?

Ƴan'uwa ɗalibai, ga tambaya: wanda bai taɓa tuƙa jirgin sama ba, ya dace ya fara koyo da jirgi mai ƙarfi, mai tarin na'urori?

A Amurka doka ba ta hana ba. Ta dai ware jirage iri 2. Akwai mai ƙarfi, wanda injinsa ya wuce ƙarfin doki 200. Akwai mai sarƙaƙiya: tayoyinsa suna naɗewa bayan tashi, matuƙi yana iya canza kwanciyar farfela, fukafukansa kuma suna da ɓangaren da ake saukarwa lokacin sauka. Kafin mutum ya tuƙa ɗayansu shi kaɗai, sai malami ya horar da shi, ya sa hannu a littafinsa. Ke nan in kana da kuɗi, kana iya farawa da shi. Amma galibin makarantu da ƙaramin jirgi suke farawa, irin Cessna 172, mai tayoyi a kafe.

Don mi? Don ƙaramin jirgi yana ba ka lokaci. In ka yi kuskure, kana ganinsa, ka gyara. Mai gudu kuwa ba ya jira: kana tunanin tayoyi, filin sauka ya riga ya iso.

Wani zai ce, ai sojan Amurka tun da wuri suke ɗora sababbin matuƙa a T-6, mai ƙarfin doki 1,100. Gaskiya ne. Amma su an tace su, kullum suna cikin horo, kuma wanda ya kasa, sallamarsa ake yi. Mai kuɗin da ya sayi jirginsa fa, wa zai sallame shi?

Ranar 16 ga Yuli 1999, John Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya tashi da dare a jirginsa Piper Saratoga, mai ƙarfin doki 300. Yana da permi, amma bai kammala horon tuƙi da na'ura kaɗai ba. Cikin duhu da hazo ya kasa bambance sama da teku, jirgin ya faɗa ruwa. Ya mutu, da matarsa, da yayarta. Bai taka doka ba. Su biyun kuma ba su ne suka zaɓi jirgin ba.

Nan nake tsayawa. Doka tana faɗin iyakar abin da ba za a kama ka a kai ba, ba ta auna ko ka isa. Wannan awon naka ne, kai da malaminka, kuma ba ranka kaɗai ke ciki ba.

Farawa da babban jirgi ba laifi ba ne, in akwai malamin da zai iya ce maka "tukuna", kai kuma ka ji. In dai don a gan ka ne, fara da ƙarami. Da rarrafe yaro kan tashi.