Tsohuwar Jarida: Haja Ce Ko Amana?

A Landan da New York akwai 'yan kasuwar da ba su da wata haja sai tsofaffin shafukan jarida. Shafin da ya ba da labarin nutsewar jirgin ruwan Titanic a Afrilun 1912, ko na Lusitania a 1915, sai a saka shi a gilashi a yi gwanjonsa a intanet. A Tambuwal kuwa, makomar tsohuwar jarida sananniya ce: teburin mai tsire ko tiren mai ƙosai.

Wani zai ce ina ruwan Batambuwale da teku. Da ruwansa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, ta tashi ne a zamanin da jirgin ruwa ke ɗaukar 'yan Arewa zuwa duniya. A 1943 editanta, Abubakar Imam, ya shiga jirgi zuwa Ingila ana tsakiyar yaƙi, tafiyar da ta haifi littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1943 da 1944 aka kwashi sojojin runduna ta 81 da ta 82, Hausawa da yawa a cikinsu, ta teku zuwa Indiya, daga nan sai Bama. Alhazan ƙasa ma, bayan sun ratsa Chadi da Sudan, sai sun haye Bahar Maliya kafin su ga Jidda. Wanda ya buɗe akwatin ƙarfen kakansa a Dogon Daji ko Kebbe ya tarar da shafin wancan zamani, to tarihin teku ne a hannunsa.

Shin ya halatta ya sayar?

Malaman Malikiyya sun shimfiɗa sharuɗɗa: abin sayarwa ya zama mai tsarki, mai amfani, sananne, wanda za a iya miƙa wa mai saye. Tsohon shafi ya cika su duka. Ko cinikin Mus'hafi sun halatta, duk da Hanbaliyya sun tsananta a kansa, balle jarida. Akwai ma abin da ya fi wannan. Da wuya a sami shafin Hausa da babu sunan Allah a ciki, ko a ta'aziyya, ko a addu'ar da ke rufe wasiƙa, ko a sunan wani Abdullahi. Yaron da ya tashi a makarantar allo, in ya tsinci takarda mai aya, yakan kaɗe mata ƙura ya cusa ta a tsagar katanga don kada a taka. Amma shafin boko mai ɗauke da sunan nan, a naɗe tsire da shi, mai da yaji su jiƙa shi, a wurga a kwata, ba wanda ya waiwaya. Ranar da takarda ta yi kuɗi, ranar ta tsira daga wannan wulaƙanci.

Matsalar tana wani wuri. Dillalan shafuka sukan sayi kundin jaridu na shekara guda, su sa reza su yanke shafin da ke da hoton jirgi, saura ya zama shara. Shafin kuma ya tafi bangon falon wani attajiri, ba ɗalibin da zai sake karanta shi. Magaji ya mallaki takarda, babu gardama. Labarin da ke cikinta kuwa na jama'a ne, kuma gargaɗin addini kan ɓoye ilimi ba littafin fiƙihu kaɗai ya shafa ba. Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, bai kamata a koya masa wannan ba: abin da ya iso mana na rubutunsa da na 'yan uwansa, ya iso ne don an bar almajirai sun kwafa, kuma irin su Waziri Junaidu sun tattara sun adana.

Saboda haka mai tsohuwar jarida ya sayar in yana so, ya ci halaliyarsa. Amma kada ya yarda a yanka ta, kuma kafin ta bar hannunsa ya ɗauki hoton kowane shafi da waya, ya kai wa Arewa House a Kaduna ko hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.